Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Magidanta: A Ji Ta Bakin Yaro Kafin A Ɗauko Dorina

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu da yayyenmu magidanta, muna gaisuwa, da fatan iyali suna lafiya. Masu wannan wasiƙa malaman firamare ne da na Islamiyya, tare da wasu ma'aikatan ɗakin yara a asibiti da na ofishin jin daɗin jama'a. Mu muke karɓar 'ya'yanku da safe bayan hukuncin dare, mu kuma ake kawo wa su idan hannu ya zarce. Kada a zaci mun zo da maganar a sakar wa yaro linzami. Yaron da ba a kwaɓa kaya ne a kan unguwa, kuma a aji mu ya fi wahalarwa. Ƙorafinmu ɗaya ne: a gidaje da yawa ana yanke wa yaro hukunci ba a ji ta bakinsa ba, horon da aka yi a haka kuwa tsoro yake shukawa, hali bai samu ba.

Kowa ya san yadda abin yake tafiya. Maigida ya fita tun da sassafe neman abin cefane. Da hantsi yaro ya yi ɓarna, uwar ta ce, "Bari babanku ya dawo." Baban ya dawo bayan isha'i a gajiye, wataƙila ma ya biya majalisa wurin mai shayi. Tun bai cire takalmi ba an karanto masa ƙara, shi kuma ya miƙa hannu bayan ƙyaure inda dorina take rataye. Laifin hantsi, dukan dare, awa goma sha biyu tsakaninsu. Ɗan shekara biyar ya ma manta abin da ya yi. Darasin da ya ɗauka shi ne sallamar baba alamar gudu ce. Akwai magidancin da yake alfahari cewa da ya yi gyaran murya a zaure tsakar gida takan yi tsit, yana kiran wannan kwarjini. Mu da muke ganin yaran a bayan idonsa mun san abin da shirun nan ya rufe.

Uba alƙalin gidansa ne. Lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika Sayyidina Aliyu Yaman, ya umarce shi da kada ya yanke hukunci tsakanin mutum biyu sai ya ji daga na biyun kamar yadda ya ji daga na farko. Babu magidancin da zai yarda kotu ta ɗaure shi a kan maganar mai ƙara kaɗai. To ɗan cikinsa fa?

Sauraro yana da ƙa'ida, kuma ana koyonsa kamar kowace sana'a. Abu na farko wuri. Kada a tuhumi yaro a gaban ƙannensa, ko baƙi, ko abokiyar zaman uwarsa, domin a gaban jama'a mutuncinsa zai kare, gaskiya ta biyo baya. A ja shi zaure ko turaka. Sai a zauna. Babban mutum a tsaye, yaro a durƙushe yana kallon ƙasa, an riga an gama shari'a. A ajiye waya da rediyo. Tambayar farko kada ta zama "Don me ka yi kaza?", saboda ta riga ta tabbatar da laifin, abin da ya rage wa yaron neman mafita ne kawai, kuma mafita mafi kusa ita ce ƙarya. A ce, "Gaya mini abin da ya faru, tun daga farko." Daga nan sai wuri mafi wuya ga iyaye maza: yin shiru. Yaro yakan ɗauki lokaci kafin ya haɗa magana, balle in yana tsoro. Ka ƙirga goma a zuci kafin ka sake buɗe baki. In ya fara, kada ka katse shi ko da ka ji inda ya karkace, bari ya kai ƙarshe tukuna. Sannan ka mayar masa da abin da ka ji a taƙaice: "Wato shi ya fara ɗaukar maka fensir, ka tambaye shi ya hana, sai ka ture shi." In ka yi kuskure zai gyara maka, in daidai ne ya san an ji shi. Duka wannan bai wuce minti biyar ba. Bayansa ne hukunci yake zuwa, in akwai hukunci. Jin ta bakin yaro bai wanke shi ba. Sau da yawa ma shi da kansa zai furta laifinsa, hukuncin da ya biyo bayan furucinsa kuwa ya fi zama a zuciyarsa.

Sai dai yaron da ba a taɓa hira da shi a ranar lafiya ba, ba zai yi magana a ranar laifi ba. Don haka ake bukatar sauraron da babu tuhuma a ciki: minti goma zuwa sha biyar a rana tare da yara gaba ɗaya, sannan kowane yaro ya sami nasa shi kaɗai ko da sau ɗaya ne a mako. Mai 'ya'ya goma sha biyu zai ce ina lokacin yake. Lokacin yana cikin abin da kake yi dama. Hanyar masallaci da asuba, zuwa gona, cefanen ranar kasuwa, wankin mashin, jiran layi wurin wanzami. Yau ka tafi da wannan, gobe da wancan, a bi da bi har a zagayo. Yara maza musamman sun fi sakin baki idan ana tafiya kafaɗa da kafaɗa ko hannu yana aiki, fiye da a zaunar da su ido cikin ido. Tambayar "Ya makaranta?" amsarta "Lafiya lau", ta mutu nan take. Tambayi abin da yake da jela: wa kuke zama benci ɗaya da shi, wane malami ne ya fi faɗa, wa ya ci wasan jiya, ina aka tsaya a hadda. Uban da ya san sunan abokan ɗansa uku da gidajensu ya yi rabin aikin tsaro.

Abu biyu ne suke kashe wannan hira. Na ɗaya mayar da kowace magana wa'azi: yaro ya faɗi jimla ɗaya, uba ya yi huɗubar minti ashirin. Na biyu fallasa. Abin da yaro ya gaya maka a asirce, in ya ji shi a bakin majalisa ko ana yi masa dariya da shi a tsakar gida, ƙofar ta rufe, kuma buɗe ta kan ɗauki shekaru.

Mun san akwai alkunya, musamman ta ɗan fari, wanda a wasu gidaje uba ba ya kiran sunansa, ba ya wasa da shi a gaban mutane. Ba mu raina wannan al'ada ba. Amma a tuna cewa a babban gida na gandu ta zo da maganinta: akwai kaka da ake tsokana, akwai baffa da gwaggo da kawu da yaro yake kai wa kukansa. Yau magidanci yana ɗaki biyu na haya a birni, dangi suna ƙauye, alkunyar ta biyo shi, kakannin ba su biyo shi ba. Ɗan farin ya zama ba shi da kowa, alhali shi ne aka fi ɗora wa nauyi kuma aka fi duka. Ko uba ya sassauta idan suna su biyu, ko ya wakilta wani amintacce daga dangi, ya gaya wa yaron a fili cewa ga wanda zai riƙa zuwa wurinsa.

Wanda yake ganin tambayar ra'ayin yaro zubar da girma ne ya duba Suratus Saffat, aya ta 102. Annabi Ibrahim, umarnin Allah a hannunsa, duk da haka ya ce wa ɗansa ya duba, me ya gani. Annabi Yusuf kuwa yana yaro ya kai wa mahaifinsa labarin mafarki, Annabi Yaƙub ya saurara har ya ba shi shawarar kada ya gaya wa 'yan'uwansa. Yaro ba ya kai mafarkinsa wurin wanda yake gudu.

Abin ya wuce maganar ladabi. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2014 tare da UNICEF ya nuna cewa a Najeriya yara shida cikin goma suna gamuwa da wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18, kuma yarinya ɗaya cikin huɗu da yaro ɗaya cikin goma ana yin lalata da su. Mai lalata da yara yawanci sananne ne, maƙwabci ko ɗan'uwa ko mai shagon unguwa, kuma makaminsa jimla ɗaya ce: "In ka faɗa, babanka zai kashe ka da duka." A gidan da ake duka kafin tambaya, yaron ya san wannan barazana gaskiya ce. In Allah ya sa yaro ya buɗe baki ya faɗi irin wannan, kada a yi ihu, kada a ce "Me ya kai ka can?" A ce masa an yarda da shi, kuma laifin ba nasa ba ne. Kada a wanke tufafin da abin ya faru a ciki. A kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki. Akwai cibiyar Waraka a Kano da cibiyoyin Salama a Kaduna da aka buɗe saboda wannan. Rufa-rufa don gudun abin kunya mai laifin kaɗai take karewa.

Amfanin sauraro na gaba shi ne tantance laifi, domin rabin abin da ake dukan yara a kai ba laifi ba ne. Akwai kuskure, kamar kwanon miya ya suɓuce. Akwai ƙuruciya: ɗan shekara uku ba ya iya zama awa guda a wuri ɗaya, kuma bai gama bambance abin da ya faru da abin da ya raya a ransa ba, don haka kiransa maƙaryaci zalunci ne. Akwai cuta. Yaron da ake cewa yana da taurin kunne, a duba kunnen tukuna, musamman in yana fitar da ruwa ko ya taɓa yin sanƙarau. Wanda ake kira daƙiƙi a gwada shi ko yana ganin rubutun allo daga bayan aji. Wanda yake gyangyaɗi a Islamiyya a lissafa barcinsa, domin ɗan firamare yana bukatar awa tara zuwa sha biyu, matashi takwas zuwa goma. Fitsarin kwance ya fi kowanne jawo duka a banza. Kusan yara goma sha biyar cikin ɗari suna yinsa a shekara biyar, ba da gangan ba, kuma yawancinsu suna dainawa da kansu. A rage masa sha awa ɗaya ko biyu kafin barci, ya yi fitsari kafin ya kwanta, a shimfiɗa leda a ƙarƙashin zane, a hana 'yan'uwansa yi masa waƙa. Mai sikila ban da shi a rage ruwa, shi ruwa magani ne a jikinsa. Yaron da ya daina wata shida sannan ya dawo da shi, likita ake kai wa, don yana iya zama ciwon mafitsara ko ciwon suga ko wata damuwa da bai faɗa ba. Bayan an cire waɗannan duka, abin da ya rage shi ne ganganci: ya san doka, yana da ikon kiyayewa, ya taka. Nan ne wurin horo.

Horo yana farawa daga doka sananniya. Dokokin gida kada su yi yawa, huɗu ko biyar sun isa: salla a kan lokaci, ba ƙarya, ba ɗaukar abin wani, ba dukan ƙani, kowa yana gida kafin magariba. A faɗe su a ranar da babu rigima, tare da abin da zai biyo bayan karya kowace. Maigida ya daidaita da uwar yara tun a ɗaki, in mata biyu ne ko fiye a daidaita da kowacce, domin yaro yana gane ɓaraka tsakanin manya da wuri, kuma ta nan zai riƙa bi.

Hukunci mai gina hali yana da alaƙa da laifin, yana zuwa da wuri, yana da iyaka. Wanda ya zubar shi zai goge. Wanda ya fasa gilashin maƙwabci da ƙwallo zai bi ubansa har gidan, ya ba da haƙuri da bakinsa, a riƙa cire wani kaso daga kuɗin tararsa na makaranta, kamar kashi ɗaya cikin uku, har a haɗa abin da aka yanka masa. Wanda ya ɗauko abu a shago zai mayar da hannunsa. Wannan tafiyar ta fi bulala ashirin zafi, kuma ita ce take koya masa cewa haƙƙin mutane ana biyansa. Wanda ya wuce magariba a gidan kallo, gobe ba ya fita. Wanda aka kama da waya tsakar dare, a karɓe ta kwana biyu, a faɗi ranar mayarwa, a kuma cika. Kada a ce "har abada", domin ba za a iya ba, kuma duk barazanar da ba a cika ba tana rage nauyin maganar uba. Ƙaramin yaro ɗan shekara uku zuwa shida in ya ƙi jin kwaɓa, a zaunar da shi gefe inda ake ganinsa, minti ɗaya ga kowace shekara ta haihuwarsa, ba hira ba wasa, in lokacin ya cika a tambaye shi abin da ya sa aka zaunar da shi. Wanda bai kai uku ba, ɗauke shi ake yi daga wurin ɓarnar, a kawar da ashana da wuƙa da kalanzir daga inda hannunsa yake kaiwa.

Akwai abubuwan da ba a horo da su. Ba a hana abinci. Ba a hana zuwa makaranta. Ba a kulle yaro a ɗaki mai duhu ko a tsorata shi da dodo da aljanu. Ba a mayar da karatun Alƙur'ani ko nafila hukunci, don kada ya taso yana jin ibada azaba ce. Idan hukunci ya ƙare, ya ƙare. Gaba da ɗan cikinka na mako guda da tono laifin bara duk lokacin da aka yi sabo suna koya masa cewa tuba ba ta da amfani. Sannan wanda ya kawo kansa ya faɗi gaskiya a sassauta masa a fili, a gaya masa dalilin sassaucin. In hukuncin mai gaskiya da na wanda aka kama ɗaya ne, kowane yaro mai wayo ƙarya zai zaɓa.

Mun san za a ce mana, ai addini ya yarda da duka, kuma mu ma da shi aka raine mu. To a karanta hadisin yadda ya zo a Abu Dawud: a umarci yara da salla suna shekara bakwai, a doke su a kanta suna goma, a raba musu makwanci. Tsakanin bakwai da goma akwai shekara uku, salloli sama da dubu biyar na tunatarwa da jan hannu zuwa masallaci, a kan mafi girman aikin addini, kafin a ambaci duka. Mu kuwa ɗan shekara huɗu muke zane wa a kan canjin naira hamsin. Nana A'isha ta shaida cewa Manzon Allah bai taɓa dukan mace ko mai hidima da hannunsa ba. Anas ɗan Malik ya yi masa hidima shekara goma tun yana yaro, bai taɓa ce masa ko "tir" ba. Malaman mazhabarmu da suka halatta dukan ladabtarwa sun ɗaure shi da sharuɗɗa. Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan hijira, ya taƙaita wa malamin makaranta bulala uku a kan karatun Alƙur'ani, ya kuma hana shi duka cikin fushi. Hadisi ingantacce ya hana dukan fuska. A gwada wannan ma'auni da abin da ake yi a gidaje: wayar wuta, bel mai ƙarfe, bulala ba ƙirge, hayaƙin barkono. Ko dokar Penal Code, wato dokar laifuka ta Arewa, da ta bai wa uba damar ladabtarwa a sashe na 55, ba ta rufe wanda ya yi wa ɗansa mummunan rauni ba.

Ma'aikatan asibiti a cikinmu sun roƙi a faɗi wannan dalla-dalla. Mari a kan kunne yana iya fasa dodon kunne. Bakin waya ko kan bel in ya kauce yana tsiyayar da ido. Jijjiga jariri don ya yi shiru tana iya zubar da jini a ƙwaƙwalwarsa, ya mutu ko ya nakasa, ba tare da tabo ko ɗaya a fata ba. Kusan duk irin wannan rauni cikin fushi ake yinsa, shi ya sa ƙa'idar da ba ta da togiya ita ce hannu ba ya taɓa yaro alhali zuciya tana tafasa. Sunna ta ce mai fushi in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kishingiɗa. Ka ce wa yaron, "Za mu yi magana bayan salla," ka je ka yi alwala. Sau da yawa in ka dawo za ka tarar fushin na kasuwa ne ko na mai gidan haya, yaron dai shi ne mafi sauƙin kamawa.

Duka yana tsayar da ɓarna nan take, shi ya sa ake sonsa. Matsalarsa jiki yana sabawa. Tsumagiyar da ta yi aiki a shekara biyar ba ta yi a takwas, sai dorina, daga dorina sai waya. A shekara goma sha biyar yaron ya kamo ubansa a tsawo, ya tsaya ƙyam ana dukansa ko gezau, ran nan uba ya gane ba shi da sauran makami. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya riga ya lura cewa wanda aka raina da tsanani yakan koyi ƙarya da yaudara, yana bayyana abin da ba shi ne a zuciyarsa ba don gudun hannun da ke kansa. Wani nazari da aka buga a Amurka a 2016, wanda ya tattara binciken shekara hamsin a kan yara sama da 160,000, ya iske cewa yawan duka yana tafiya tare da ƙarin taurin kai da faɗace-faɗace. Ƙarshen wannan hanya mun gan shi a watan Satumba na 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum sama da ɗari uku daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa. Da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, don gyaran hali.

Baki ma bulala ce, kuma tabonsa ya fi daɗewa. "Ɗan iska", "ɓarawo", "ba za ka taɓa yin albarka ba": yaro yakan ɗauki sunan da ubansa ya raɗa masa ya yi ta ƙoƙarin cika shi. Hadisin Muslim ya hana yi wa 'ya'ya mummunar addu'a, kada a dace da sa'ar amsawa. A kama aikin, a bar mutumin. Umar ɗan Abu Salama yana yaro hannunsa yana yawo a cikin akushi, abin da Manzon Allah ya ce masa gajere ne: ya ambaci sunan Allah, ya ci da dama, ya ci abin da ke gabansa. Ba zagi, ba dogon jawabi, aka gaya masa abin da zai yi maimakon abin da zai bari, shi kuma ya ce haka cinsa ya kasance tun daga ranar. Yabo ma haka yake so. "Yaron kirki" ba ta koyar da komai. "Na ga ka ba ƙanwarka rabin ƙosanka ba wanda ya sa ka, Allah ya yi maka albarka" ita take sa ya maimaita.

A gidan da ke da ɗaki fiye da ɗaya, adalci shi ne gishirin horo. Laifi iri ɗaya, hukunci iri ɗaya, ko ɗan uwargida ne ko na amarya, ko agola ne ko ɗan riƙo. Ƙarar da matar uba ta kawo a ji ta da mutunci, a kuma ji ta yaron shi kaɗai kafin a yanke. Bashir, mahaifin Nu'umanu, ya so ya keɓe ɗa ɗaya da kyauta, Manzon Allah ya ƙi yin shaida, ya ce a ji tsoron Allah a yi adalci tsakanin 'ya'ya. 'Yan ubancin da ake gani a kotu ranar rabon gado a tsakar gida aka shuka shi, shekara talatin baya.

'Ya'ya mata kuma kada a ce sha'anin uwarsu ne. Uba ya san inda 'yarsa take kai talla da wanda yake saye, ya san mai zuwa zance wurinta, ya tambaye ta da kansa ko ta bakin gwaggonta kafin ya ba da ita. Shirun budurwa izini ne idan na kunya ne. Shirun wadda ba a taɓa bari ta yi magana ba wani abu ne daban, kuma shi yake dawowa gida da yaji bayan wata uku.

Matashi sai an sauya hannu. Daga shekara goma sha biyu zuwa sama a sa shi cikin tsara dokar da ta shafe shi, a ba shi amanar da ake iya aunawa, kamar kuɗin cefanen kwana ɗaya ko makullin shago na awa biyu, a ƙara in ya riƙe, a rage in ya saki. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 a Najeriya sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi a cikin shekara guda, don haka babu gidan da zai ce ya fi ƙarfin abin. Alamomin su ne sauya abokai farat ɗaya, barcin rana da yawon dare, ɓacewar kuɗi da ƙananan kaya, jan ido, nauyin harshe, warin sholisho a hannun riga. In an gani, kada a tare shi yana cikin maye, a jira ya wartsake. A fara da abin da ido ya gani: "Kwana uku ke nan kana shigowa bayan sha biyu, kuma kuɗi sun ɓata a aljihuna." A tambayi me yake sha, tun yaushe, nawa a rana, wa yake ba shi. Wanda ya daɗe a kan tiramol ko kodin, yanke masa rana ɗaya yana jawo ciwon jiki da zawo da rashin barci da kan mayar da shi ruwa, don haka likita ne zai tsara ragewar. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Dawanau a Kano, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri. Korar yaro daga gida kuwa miƙa shi ne ga masu jiransa, ko 'yan daba ake ce musu a garinku, ko sara-suka, ko ƙauraye, ko kalare. Su suna da lokacin sauraronsa.

In uba ya hukunta yaro sannan gaskiya ta fito cewa ba shi ya yi ba, ya kira shi ya ce, "Na yi kuskure, ka yi haƙuri." Girma ba ya zubewa a nan, kuma babu wata hanyar koya wa yaro ba da haƙuri da ta kai ya ji shi daga bakin ubansa. Haka nan wanda ya aiki ɗansa zaure ya ce wa mai bin bashi "ba ya nan" ya san darasin da ya bayar kafin gobe ya tuhume shi da ƙarya.

Saura 'yan'uwanmu masu ci-rani da direbobin dogon zango, waɗanda suke Legas ko Fatakwal ko Kumasi ko Agadas wata da watanni. In kun kira gida, kada hirar ta tsaya a kan kuɗin da aka turo da ƙarar yara. A miƙa wa kowane yaro wayar, minti biyu ko uku, a rana sananniya a mako, ko da bayan sallar Juma'a ce. Kada a yanke hukunci ta waya a kan labarin ɓangare ɗaya, kada kuma a tara laifin wata shida a sauke shi daren dawowa. Ƙananan laifuka a bar wa uwa da cikakken iko, a gaya wa yaran cewa maganarta maganarka ce. Manya kuma a jira a dawo, a huta kwana ɗaya, a raba tsaraba, sannan a ja yaron zaure.

Wassalam.

Daga 'ya'yanku kuma ƙannenku,
wasu malaman firamare da Islamiyya, da ma'aikatan lafiya da jin daɗin yara.